Keken Ɗinkin da Na Tsinta

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka kuwa? Yaya Auta da haƙorin nan da ya ƙi fita? Ni dai lafiyata ƙalau, sai kewarku da ba ta jin magani.

Na san za ki ce mutumin nan ga waya a aljihu amma sai ya wahalar da direba da takarda. To ai ke ce ba ki da taki, kuma duk sanda na kira ta maƙwabciyarki ina jin numfashinta a bayan wuyanki. Yaya mutum zai ce wa matarsa ya yi kewarta alhali wata na tsaye tana jiran a miƙo mata wayarta? Shi ya sa na koma wa biro, ki yi haƙuri da rubutun nawa mai kama da tafiyar kaza.

Ɗakin yana nan yadda na ba ki labarinsa: katifa, ƙusoshin rataye kaya, da taga mai kallon bangon wani. In na tashi daga rumfa sai in sayi abin da zan ci a hanya, in ci a tsaye, don zama gaban kwano ni kaɗai yana sa abincin ya yi mini yawa. Mutum ɗaya nake hira da shi a garin nan, Mai Walda, wanda rumfarsa ke jikin tawa. Shi ma rabin hirar ihu ce, injinsa ya gama cinye masa kunne.

Yanzu ga labari. Kwanakin baya an yi ruwa mai ƙarfi, kwatar da ke bayan rumfunanmu ta cika ta kawo mana shara har bakin ƙofa. Da sassafe, kafin kowa ya fito, na ɗauki shebur ina yashewa, sai na ji ya daki ƙarfe. Na tona, sai ga kan keken ɗinki a cikin buhu, laka ta cika masa ciki. Tsohon ƙira ne, irin baƙin nan mai nauyi da an daina yin irinsa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, kamar na ga ɗan mutum a kwata.

Na tambayi duk layinmu, babu wanda ya san shi. Mai Walda ya ce in kai wa 'yan sanda in huta. Na ce to, zan kai, amma ba a haka ba. Ke kin san halina, ba a banza kika sa mini Sarkin Gyara ba. Yaya zan miƙa wa mutane keke yana zubar da laka, ni da gyaran keke ne sana'ata? Kuma in ya kwana biyu a haka tsatsa za ta gama da cikinsa, mai shi ya zo ya tarar da gawa. Na ce bari dai in ɗan wanke shi.

Ɗan wankewar nan ce ta ja ni har na manta da maganar 'yan sanda. Na kwance shi gaba ɗaya, na jiƙa a kananzir, na sauya ƙoshiyar da ta tsage, na daidaita haƙoran da ke jan yadi. Jikinsa duk tabo ne da ƙarce-ƙarce, ga wani tsumma da aka naɗa masa a wuya ya ruɓe, na yanke na yar. Na bi shi da samfefa lungu-lungu, har ɗan faifan tagullar da ke ɗauke da lambarsa, wanda ruwa ya riga ya ci. Sannan na yi masa baƙin fenti. Maman yara, da kin ji shi yana ɗinki! Ba ƙara ko kaɗan, sai wani ɗan sauti kamar kyanwa na barci a cinya.

Na ɗora shi a gaban tebur inda duk mai wucewa zai gani. Ban rubuta "tsintuwa" a jikinsa ba, don in na rubuta, kafin rana ta yi tsaka mutane sun cika rumfar, kowa da rantsuwar cewa na kakarsa ne. Mai shi in ya gani zai tsaya da kansa. Ina ta ƙissima fuskarsa ranar da zan ce masa ɗauki abinka, ba na son komai. Gaskiya wannan tunanin ne ke taya ni zama a kwanakin nan.

Ga sabulu nan da takalmin Auta na ba direba. In ya yi mata yawa kada ta damu, ƙafa ce, za ta cim masa. Ki gaishe mini da Inna, ki ce na ce ta rage tsayuwa.

Naki har kullum,
Sarkin Gyara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, da fatan kowa yana lafiya. Kafin ki ci gaba da karatu ki samu wuri ki zauna, kuma kada ki karanta wannan a gaban Inna.

In maƙwabciyarki ta ce miki wayata ba ta shiga, gaskiyarta ne, tana hannun 'yan sanda. Ni ma na kwana a hannunsu, amma yanzu ina ɗakina, lafiyata ƙalau, babu wanda ya taɓa ni.

Keken nan ne. Ranar da abin ya faru wani mutum ya tsaya a rumfata cikin kayan gida, ya shafa shi, ya ce nawa ne kuɗinsa. Ke kin san bakina da wasa. Na ce masa wannan ai ya fi ƙarfin aljihunka, malam. Ya yi dariya, na yi dariya, ya tafi. Can sai ga shi ya dawo da masu kaki da wata mata. Matar ta daɗe tana kallon keken, ta ce irin nata ne sak, amma nata bai kai wannan sheƙi ba. Ni kuma don wauta sai farin ciki ya kama ni, na ce Alhamdulillahi, ga mai shi ta zo, hajiya ɗauki abinki. Ban rufe baki ba na ji ankwa a hannuna.

Ashe tela ce, kuma an fasa shagonta kafin ruwan nan. Ba a tsaya a sata ba, an bugi maigadin layinsu a ka, har yanzu yana asibiti. Ɓarayin sun kwashe abin da za su iya, keken kuwa da alama nauyinsa ne ya ishe su suka jefa a kwata. Tun lokacin 'yan sanda ke bin rumfunan masu gyara suna neman irinsa.

A ofishinsu mutumin nan mai kayan gida, wanda ashe shi ne mai binciken, ya zaunar da ni ya yi ta tambaya. A ina na samu? A kwata. Wa ya ga sanda na tono? Babu kowa. Ina buhun? Na zubar da shi da sauran shara. Me ya sa ban kawo rahoto ba? Ina gyara ne. Wa ya goge lambar? Ni ne. Wa ya sauya fenti? Ni ne. A ina nake ajiye kekunan sayarwa? A gaban tebur. A ina ya tarar da wannan? Sai a lokacin na ga inda muka dosa.

Ya ajiye biro ya ce, "Malam, abin da ka lissafa ka yi wa keken nan, shi ne abin da masu sayen kayan sata ke yi, ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba. Har farashi ka yi mini." Na ce wasa nake yi. Ya ce shi ma ya rubuta cewa wasa nake yi, alƙali zai karanta.

Maman yara, ban taɓa jin gaskiya ta yi mini nauyi a baki irin na ranar ba. Duk abin da na faɗa haka ya faru, kuma duk wanda na faɗa sai ya ƙara ɗaure ni. Da ƙarya na yi, da aƙalla na san abin da zan janye.

Ɗakin da suka sa ni ba zan ba ki labarinsa ba. Abin da ya fi cina a ciki shi ne da aka ce kowa ya faɗi wanda za a kira masa, na rasa sunan da zan ba da. Mai Walda ne ya zo da kansa, da baƙin gilashinsa a goshi, ya tsaya mini aka ba da belina. A hanya bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko da yake na ga maganar tana yi masa ƙaiƙayi a baki. Allah Ya saka masa.

An kai maganar kotu. Tuhuma biyu ce, hannu a fasa shagon, da riƙe kayan sata tare da ɓatar da alamarsa. Sun ce za a ba ni lauya kyauta. Kada ki zo, babu inda zan sauke ki, kuma wa zai kula da Inna? Ki ce mata aiki ne ya yi yawa. Addu'arki kawai nake so.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da yara. Na ji daɗin jin ƙafar Inna ta yi sauƙi, kuma haƙorin Auta ya fita. Ki ce mata ina son ganin giɓin kafin sabo ya rufe shi.

Kin tambayi aiki. Babu. Tun da labari ya zaga layi, masu kekuna suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna karɓe abinsu, wani ma a kwance ya kwashi nasa cikin leda. Babu wanda ya ce mini ɓarawo. Kowa da uzurinsa mai kyau, wannan zai yi tafiya, wancan ƙaninsa ya koyi gyara. Da ma zagina suka yi da na samu abin mayarwa. Yanzu in na buɗe rumfa sai in goge sukudirebobina, in jera su, in sake jera su. Masu gaishe ni da suna a da, yanzu hannu suke ɗagawa daga nesa.

Na ga lauyar. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwarki ba, tana da tabarau da saurin magana, tana ce mini Baba. Da farko na raina ta, amma kafin mu rabu na gane ta san aikinta kamar yadda na san nawa. Ta ce in da na kai keken ofishin 'yan sanda a ranar, da lakarsa da buhunsa, da yanzu godiya ake yi mini. Wai lakar nan da na wanke ita ce shaidata. Kin ji fa, ni da hannuna na wanke mai cetona da kananzir.

Sai ta rufe ƙofa ta ce in gaya mata duk abin da na gani a jikin keken kafin in taɓa shi. Na ce akwai koren tsumma a wuyansa, irin wanda teloli ke soka allurai. Akwai tabon ƙuna a gefe, kamar an taɓa jingina masa dutsen guga. Kuma a ƙarƙashin wuyan, inda ido ba ya kaiwa sai an kifa shi, akwai zanen ɗan kifi da aka ƙarta da allura, irin zanen yara, wutsiyarsa a karkace. Samfefa ba ta iya cinye shi duka ba, fenti ne ya rufe shi.

Ta cire tabaranta ta ce, "Baba, wa ka gaya wa wannan?" Na ce babu kowa, ba a tambaye ni ba. Ta ce, "To ya tsaya a ɗakin nan."

Ga yadda ta fahimtar da ni. Kafin a kama ni da laifin riƙe kayan sata, sai an tabbatar cewa wannan keken shi ne wanda aka sata. Lamba ta goge. Alamomin da matar ta sani duk sun tafi. In ta kasa nuna cewa nata ne, ƙarar ta rushe, in kama hanyata. Wato gyaran da ya jefa ni a rami shi ne kuma zai fitar da ni, in dai na iya riƙe bakina. Na ce ni fa ba zan yi ƙarya a gaban alƙali ba. Ta ce babu wanda ya ce in yi ƙarya, shiru kawai zan yi, kuma doka ta ba ni damar yin shirun.

Na ce to keken fa, ina zai tafi? Ta ce zai zauna a ɗakin kayan shaida har ranar da za a yi gwanjonsa. Na ce matar fa? Ta ce, "Baba, kai nake karewa, ba keke ba."

Na ga matar a barandar kotu ranar da aka ɗage zaman farko. Tana zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, da jaka a cinya, tana ƙarasa bakin wata riga da allurar hannu. Ba ta kalle ni ba. Mai Walda ya jiyo cewa keken na mahaifiyarta ne da ta rasu, kuma tun da aka sace shi ba ta samu na maye ba, sai ɗan abin da hannu zai iya. Na zauna a wancan ƙarshen bencin, ni ma ni kaɗai. Na so in ce mata sannu, amma lauya ta hana ni ko gaishe ta.

Maman yara, ban san abin da nake ji ba. Ina son in dawo gida, Allah Ya sani. Rabona da cin abinci a zaune tun zuwana na ƙarshe wajenku. Amma duk sanda na tuna bakin rigar nan da take ƙarasawa da hannu sai maganar shirun nan ta ƙi kwanta mini. Ki faɗa mini ra'ayinki, ke kin fi ni natsuwa.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake.

Takardarki ta iso, na karanta har ta fara yagewa a ninki. Faɗan ya shige ni, kuma na cancanta. Gaskiyarki ne, ba ni na fasa shagon ba, ba ni na bugi maigadi ba, kuma ba ni na jefa keken a kwata ba. Gaskiyarki ne cewa matar tana da hannayenta da sana'arta, ku kuwa ni kaɗai gare ku. Inda kika ce na gyara abin mutane ya isa haka, yanzu in zo in gyara gidana, nan ne na ajiye takardar na fita waje na ɗan zaga.

Ban san Inna ta fara tambaya ba. Ki ƙara riƙe ta da maganar aiki na ɗan lokaci, abin ya kusa ƙarewa.

To ga alƙawari, tunda shi kika nema. Zan yi shiru. Zan zauna inda aka ce in zauna, in kalli ƙasa, in bar lauya ta yi aikinta. In an sallame ni ba zan ma koma rumfa ba, zan tattara kayan aikina in biyo direba. Aikin garin nan ya ishe ni, ko a ƙofar gida na kafa tebur ba za mu rasa abin sa wa a baki ba.

Ki ce wa Auta ta ajiye mini haƙorin in gani.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya. Mai Walda ne zai miƙa wa direba ita, don ni ba zan iya fita ba. Daga gidan yari nake rubuto miki.

Na san ya riga ya aika miki cewa an ɗaure ni. Abin da bai faɗa miki ba, don na roƙe shi ya bar mini, shi ne yadda aka yi. Ba lauya ce ta gaza ba, kuma ba alƙali ne ya zalunce ni ba.

Ranar zaman komai ya tafi yadda lauya ta ce. Aka kawo keken aka ɗora a tebur gaban alƙali, yana ta sheƙi. Aka kira matar, aka ce ta faɗi alamar da za a gane nata. Ta faɗi koren tsumma. Ta faɗi ƙunar dutsen guga. Sannan ta ce akwai kifi a ƙarƙashin wuyansa. Ta ce ita ta zana shi tana ƙarama, tana zaune a ƙasa wajen ƙafar mahaifiyarta, ranar da aka kifa keken ana sa masa mai, kuma ta sha dukan ɓata allura. Da ta faɗi haka har ta ɗan yi murmushi.

Magatakarda ya kifa keken, ya duba, ya haska da fitilar waya, ya shafa da yatsa. Babu komai sai baƙin fentina, sumul. Lauyata ta miƙe ta tambaye ta a hankali ko za ta iya rantsuwa cewa wannan keken nata ne. Matar ta nemi izini ta matso. Ta ɗora hannu a kan wilin keken ta juya shi, ta sunkuyar da kai tana saurare. Ta sake juyawa. Sai ta ce, "Nawa yana da wata 'yar ƙara in ya zagayo. Wannan ba ya yi." Sannan ta ce, "Ban sani ba. Ba zan rantse a kan abin da ban tabbatar ba."

Maman yara, ƙarar nan ni na cire ta. Ƙoshiyar da ta tsage ce.

Lauya ta waiwayo ta kalle ni, na gane kallon, an gama, mun ci. Mai gabatar da ƙara ya fara tattara takardunsa. Alƙali ya sunkuya yana rubutu. Matar ta janye hannunta daga kan wilin, ta goge shi a jikin mayafinta kamar ta taɓa kayan wani, ta juya za ta koma wurin zamanta. Ita da za ta iya cewa nawa ne a ba ta, babu mai ƙaryata ta, ta ƙi. Ni kuma ina zaune ina kallon ƙasa da abinta a cikin bakina.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ji dai muryata tana cewa, "Ranka ya daɗe, kifin yana nan. Yana ƙarƙashin fentin, wutsiyarsa a karkace. Ni na rufe shi." Lauya ta ja mini riga har sai da maɓalli ya tsinke. Alƙali ya tambaye ni ko na san abin da maganar nan za ta jawo mini, ya kuma ce ina da damar in zauna. Na ce na sani. Ya ce in nuna wurin. Magatakarda ya ba ni makullinsa, na kankare fentin da hannuna, a hankali don kada in ji wa zanen ciwo. Kan kifin ya fara fitowa, sannan wutsiyar. Matar ta zauna a ƙasa a tsakiyar kotu ta rufe fuskarta.

A zaman da ya biyo baya aka yanke hukunci. Alƙali ya wanke ni daga fasa shago, ya ce bai ga alamar ina da hannu ba, kuma mai sayen kayan sata ba ya tona kansa haka. Amma ya ce na tsinci kaya na riƙe ban kai rahoto ba, na kuma shafe lambarsa da alamominsa, ga shi na amsa da bakina, kuma doka ba ta ware wanda ya yi da kyakkyawar niyya ba. Ya ce ya sassauta iyakar yadda zai iya. Watanni ne, ba shekara ba. Lauya ta ce in na zauna lafiya za a rage. Ta yi fushi da ni sosai, amma ta rako ni har bakin mota, kuma ita ta kawo mini wannan biro da takarda.

An ba matar kekenta. Na ga sanda ta rungume shi ta fita da shi, da nauyinsa da komai, ta ƙi yarda a taya ta. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban jira ta ce ba. A'a, kada in yi miki ƙarya, na jira. Har aka fita da ni ina waiwaye.

Nan ba laifi. Akwai mutane da yawa, amma ban saba da kowa ba tukuna. Kayan aikina suna wajen Mai Walda, ya ce zai riƙa aiko muku da abin da ya sawwaƙa, kada ki ji kunyar karɓa, ni da shi za mu daidaita. Inna kuma lokaci ya yi da za a gaya mata. Ki faɗa mata duka, kada ki rage, gara ta ji daga bakinki da ta ji a bakin maƙwabciya. Yara kuwa na bar miki, ke kin san abin da kowannensu zai iya ɗauka.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Na yi miki alƙawari a rubuce, na karya shi a gaban mutane. Tun da na shigo nake laluben nadama a zuciyata don in aiko miki da ita, ko za ta rage miki zafi, ban samu ba. In aka mayar da ni kotun nan ina jin zan sake miƙewa. Abin da na samu a madadinta ya fi ta ciwo. Lokacin da na miƙe ɗin nan, Maman yara, ban tuna ki ba. Ban tuna Inna ba, ban tuna yara ba. Sai da na koma na zauna da fenti a farcena sannan kuka faɗo mini a rai, ku duka a lokaci guda. Ni na yi maganar, amma ke za ki ɗauki watannin nan a ka, kuma ban yi shawara da ke ba. Wannan nake neman ki yafe mini, in kin iya, a lokacin da kika iya.

Ki yi fushi, haƙƙinki ne. Amma don Allah ki yi shi a takarda ki aiko. A nan kullum da hantsi ana tara mu a tsakar gida a kira sunayen waɗanda aka kawo wa saƙo, ni kuma ina tsayawa ina saurare har a gama.

Ki gaida Inna. Ki gaida yara.

Mijinki